Zotero: Manhajar Tsara Manazarta, Abin Da Take Iyawa Da Inda Take Buƙatar Idon Ɗalibi

Duk wanda ya saba duba kundin ɗalibai ya san inda kura-kurai suka fi taruwa: shafukan ƙarshe, wajen manazarta. Za ka ga sunan marubuci a babi na biyu, ka duba jerin manazarta ka rasa shi. A cikin rubutu an sa shekarar 2014, a ƙarshe kuma 2016. Wannan maƙala babu lambobin shafi, waccan babu sunan mujalla. Galibi ba lalaci ke jawo haka ba. Ɗalibi ya kwashe watanni yana karatu, sai a makon miƙa aiki ya zauna tattaro duk abin da ya karanta daga guntattakin takardu da fayilolin da ya manta sunayensu. Zotero an yi ta ne domin toshe wannan kafa, kuma hukuncinmu a kanta tun daga farko shi ne: ta cancanci kowane ɗalibi mai rubuta bincike ya ɗora ta a kwamfutarsa ranar da aka amince masa da taken bincikensa. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi cin wuri a wannan sharhi. Abin da ka zuba mata shi take fitar maka. Idan bayanin ya shiga a karkace, a karkace zai fito, cikin kyakkyawan tsari da zai sa ba ka ma lura ba.

An fara fitar da ita a shekarar 2006 daga wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka, a matsayin ƙari da ake liƙa wa burauzar Firefox. Yanzu manhaja ce mai zaman kanta da ke aiki a Windows da Mac da Linux, ƙarƙashin kulawar wata ƙungiya da ba ta neman riba. Kyauta ake sauke ta, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Fitowa ta 6 a 2022 ce ta kawo wurin karanta PDF da yi masa alama a cikin manhajar, fitowa ta 7 a 2024 kuma ta sauya fasalinta, ta ƙara mata sauri, ta kuma ba da damar karanta littattafan lantarki na sigar EPUB.

Sassa uku ne ke aiki tare, kuma da yawa sukan ɗora ɗaya su bar biyu, sannan su ce manhajar ba ta yi musu komai ba. Akwai ita kanta manhajar, wadda ita ce ma'ajiyar. Akwai ɗan ƙarin burauza mai suna Zotero Connector, na Chrome ko Firefox ko Edge, wanda daban ake ɗora shi (na Safari yana zuwa ne tare da manhajar). Sai kuma mahaɗin da ke shiga cikin Word ko LibreOffice, wanda yakan ɗora kansa tare da manhajar. Idan ka buɗe Word ba ka ga shafin Zotero a jerin sama ba, rufe Word gaba ɗaya, shiga saitin Zotero ɓangaren Cite, ka sake ɗora mahaɗin daga can. Na Google Docs yana zuwa ne tare da ƙarin burauzar.

Hanyar shigar da madogara ita ce inda Zotero ta fi burgewa. Kana kan shafin wata maƙala a gidan mujallar da ta buga ta, sai ka danna ɗan tambarin da ke saman burauza. Cikin daƙiƙoƙi sunan marubuci da take da mujalla da juzu'i da fitowa da shafuka da lambar DOI (lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala a intanet) da tsakure duk sun shiga ma'ajiyarka, har da PDF ɗin idan kana da izinin buɗe shi. Idan littafi ne a hannunka, akwai maɓalli mai kamar sandar tsafi: rubuta lambar ISBN da ke bayan littafin, ko DOI, ko lambar maƙala a rumbunan bincike na PubMed ko arXiv, ta nemo sauran. Idan kuma tsofaffin fayilolin PDF ne jibge a kwamfuta, jawo su ka saka a tsakiyar manhajar; za ta karanta shafukan farko, ta nemi bayanan, ta kuma sauya wa fayil ɗin suna zuwa marubuci da shekara da take.

Nan ne kuma aikin ɗalibi yake farawa. Zotero ba ta ƙirƙirar bayani, kwaso shi take daga inda ka tsaya. Bayanan Google Scholar sau da yawa a gutsure suke: babu lambar fitowa, ko an yanke sunan mujalla, ko babu DOI. Saboda haka ya fi kyau ka bi mahaɗin zuwa shafin mawallafin ka ɗauko daga can. PDF ɗin da hoto ne kawai aka ɗauka na shafuka, wanda ba za ka iya zaɓar kalma a cikinsa ba, Zotero ba za ta gane shi ba, don babu rubutun da za ta karanta. Irin wannan da hannu za ka cike masa bayanai. Ka ware minti ɗaya ga kowace madogara a ranar da ta shigo, ka buɗe PDF ɗin kusa da bayanan, ka gwada su.

Abu na farko da za ka duba shi ne nau'in madogarar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne babi a cikin littafin da marubuta da dama suka haɗu suka rubuta ya shiga a matsayin littafi sukutum. Sakamakon haka sai sunan edita ya maye gurbin na wanda ya rubuta babin, shafuka kuma su ɓace. Sauya nau'in zuwa Book Section, sa marubucin babin a matsayin marubuci, editan a matsayin edita, ka cike taken littafin da shafukan da babin ya ci. Haka rahoton hukuma yakan shiga a matsayin shafin intanet, kundin digiri kuma ya shiga ba sunan jami'a ba matakin digirin.

Na biyu, sunaye. Gurbin marubuci yana da fuska biyu: mai gida biyu, na sunan ƙarshe da na farko, da mai gida ɗaya. Idan hukuma ce ta wallafa, misali World Health Organization, aka bar ta a mai gida biyu, a manazarta za ta fito kamar sunan mutum, "Organization, W. H." Ɗan maɓallin da ke gefen sunan zai mayar da shi gida ɗaya. Akwai kuma matsalar da ke ɗaure wa ɗalibai kai ƙwarai: haka kawai sai su ga haruffan farko na sunan marubuci sun bayyana a cikin rubutu, alhali a sauran wurare sunan ƙarshe ne kawai. Dalili shi ne mutum ɗaya ya shiga ma'ajiyar da rubutu iri biyu, a nan cikakken suna, a can haruffa. Zotero sai ta ɗauka mutum biyu ne masu sunan ƙarshe ɗaya, ta yi ƙoƙarin bambance su kamar yadda ƙa'idar salon ta tanada. Maganin shi ne ka daidaita rubutun sunan a duk ayyukansa, ba ka goge haruffan a Word ba.

Na uku, manyan baƙaƙe a take. Salon tsara manazarta na APA yana son taken maƙala ya zo kamar jimla, babban baƙi a farko da sunayen yanka kawai, yayin da salon Chicago da na MLA suke son kowace muhimmiyar kalmar Turanci ta fara da babba. Zotero tana iya ɗaga ƙananan baƙaƙe su zama manya, amma ba ta iya saukar da su da kanta lokacin tsara manazarta, domin ba ta san wace kalma ce sunan gari ko na mutum ba. Don haka ajiye duk take a sigar jimla. Danna dama a kan taken, zaɓi Sentence case, sannan ka mayar wa sunayen yanka manyan baƙaƙensu da hannu. Idan aikin ba da Turanci aka rubuta shi ba, cike gurbin harshe da gajeren lambarsa, ha na Hausa, fr na Faransanci, ar na Larabci, don kada ta ɗora masa ƙa'idar baƙaƙen Turanci. Wannan ƙaramin gurbi ne da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ke sa taken ayyukan wasu harsuna su fito a birkice.

Ta fannin tsara ma'ajiya ba sai an daɗe ba. Kana iya buɗe tari (Collection, wato jakar tara madogara) ga kowane babi ko kowane jigo, kuma madogara ɗaya tana iya zama a tari uku ba tare da ta ninku ba. Cire ta daga tari daban yake da jefa ta a kwandon shara, wanda yake share abin da ya kwana 30 a ciki. Akwai laƙabi (Tags) da za ka liƙa wa kowace madogara, har guda 9 daga ciki za ka iya ba su launi ka riƙa liƙa su da maɓallan 1 zuwa 9. Guda uku sun wadatar da yawancin ɗalibai: ban karanta ba, na karanta, na yi amfani da ita. Wanda ya ɓata mako guda yana ƙawata tari da launuka bai ƙara wa bincikensa shafi ko ɗaya ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sashen da ke nuna waɗanda suka shigo sau biyu. Idan ka ga tagwaye, haɗe su za ka yi da maɓallin Merge, kada ka goge ɗaya. In ka riga ka ambaci ɗaya a babi na ɗaya, ɗayar kuma a babi na uku, Zotero tana kallonsu ayyuka biyu ne: za su fito sau biyu a manazarta, a cikin rubutu kuma ka ga 2014a da 2014b ga maƙala guda. Haɗewa tana riƙe igiyar da ta ɗaure su da rubutunka, gogewa kuwa tsinka ta take.

Wurin karatun da ke cikin manhajar shi ne, a ganinmu, ya fi komai amfani ga mai rubuta bitar ayyukan da suka gabata. Kana buɗe PDF, ka shafa wa jimla launi, ka rubuta ra'ayinka a gefe. Da ka gama, danna dama a kan madogarar ka zaɓi Add Note from Annotations. Za ta tattaro duk abin da ka shafa cikin takarda ɗaya, kowane yanki a tsakanin alamun zance, da sunan marubuci da shekara da shafi a gabansa, kuma idan ka danna shi ya mayar da kai daidai wurin a cikin PDF. Satar fasaha da ake kama ɗalibai da ita takan taso daga nan: an kwafi jimla cikin littafin rubutu a watan farko, bayan wata huɗu an manta ko kalmomin marubucin ne ko na mai kwafin. Idan maganar wani kullum tana cikin alamun zance da lambar shafinta, taka kuma tana ƙasa a matsayin sharhi, wannan ruɗani ba ya samun wurin shiga. Yana da kyau ka ba launuka aiki tabbatacce, misali rawaya ga babbar hujjar marubuci, shuɗi ga hanyar da ya bi wajen tattara bayanai, ja ga abin da ba ka yarda da shi ba. Jajayen su ne za su zama giɓin da bincikenka zai cike.

A kula da abu biyu a nan. Lambar shafin PDF ba dole ta dace da wadda aka buga a mujallar ba. Maƙalar da ta fara daga shafi na 211 tana iya nuna 1. Zotero takan yi ƙoƙarin gano lambar gaskiya, amma takan kuskure, kuma kana iya gyara lambar a jikin alamar da ka yi. Sannan alamomin ba a cikin fayil ɗin PDF ake ajiye su ba, a rumbun bayanan Zotero suke. Idan ka tura wa abokin karatu fayil ɗin kai tsaye daga jakar kwamfuta, fari fat zai gan shi. Sai ka fitar da shi ta hanyar Export PDF kafin alamomin su bi shi.

A cikin Word aikin mai sauƙi ne. Ka ajiye alamar rubutu inda kake son ambaton, ka danna Add/Edit Citation, ka rubuta sunan marubuci ko kalma daga take, ka zaɓa. Lambar shafi a cikin wannan akwatin ake sa ta, haka ma kalmomin da za su zo kafin ambaton ko bayansa, haka ma ɓoye sunan marubuci idan ka riga ka faɗe shi a jimlar. A ƙarshen aiki maɓalli ɗaya zai jera manazarta, kuma abin da ka ambata ne kawai zai fito, babu ƙari babu ragi. Tana da salo sama da 9,000. Idan mai duba aikinka ya ce a koma daga APA zuwa Chicago, cikin Document Preferences za ka sauya, kundin gaba ɗaya ya juya.

Sai dai ka tabbatar da bugun salon da sashenku yake bi. APA bugu na 7, na 2019, ya bambanta da na 6: an daina sa garin da aka buga littafi, marubuta uku ko fiye ana taƙaita su tun daga ambaton farko, kuma a manazarta ana jera har marubuta 20. MLA tana bugu na 9 tun 2021. Salon Harvard kuwa ba shi da hukuma guda da ke tsara shi, kowace jami'a da irin nata, don haka idan an ce maka Harvard, nemi takardar ƙa'idar sashen ka gwada ta da madogara uku, littafi da maƙala da babi, kafin ka yi nisa. Idan sashen yana da tsarin gida da bai dace da kowane salo ba, zaɓi mafi kusa, ka bar gyaran hannu sai ƙarshe.

Babban kuskure a Word shi ne gyara ambato da hannu. Ka ga shekara ba daidai ba, ka goge ka rubuta sabuwa a wurin. Zotero za ta tambaye ka ko a bar gyaran. Idan ka amince, wannan ambaton ya daina sabuntuwa, jerin manazarta kuma yana nan da tsohuwar shekarar. Gyara a cikin ma'ajiya ake yi, sannan a dawo Word a danna Refresh. Haka nan kwafe rubutu daga Word zuwa Google Docs kai tsaye yana kashe mahaɗan; akwai hanya ta musamman da manhajar ta tanada don sauya wurin rubutu, ita za a bi. Idan kowane babi a fayil daban yake, cire jerin manazartan kowanne, haɗa su wuri ɗaya, sannan ka jera sabo. Kundi mai ɗaruruwan ambato yakan yi nauyi, kowane sabon ambato ya ɗauki lokaci kafin ya shiga. Kashe sabuntawa ta kai tsaye a Document Preferences yana magance wannan, muddin ba ka manta da danna Refresh kafin bugawa ba.

Batun ajiya yana buƙatar a yi shi dalla-dalla, domin a nan ake asarar da ba ta gyaruwa. Idan ka buɗe asusu, bayanan madogara da rubuce-rubucenka da alamominka suna hawa intanet kyauta ba iyaka. Fayiloli ne ke da iyaka: megabayit 300 kyauta, abin da ya wuce haka sai an biya duk shekara, ko a haɗa da wata ma'ajiyar intanet mai tsarin WebDAV. Maƙalu ba su da nauyi sosai, amma littattafai kaɗan da aka ɗauka a hoto sun isa su cinye wurin. Idan ya cika, manhajar ba ta tsayawa, fayilolin suna nan a kwamfutarka, hawa ne kawai suka daina. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ɗaukar jakar bayanan Zotero a saka ta cikin Dropbox ko Google Drive ko OneDrive don a samu ƙarin wuri. A cikin jakar akwai fayil mai suna zotero.sqlite, wanda shi ne rumbun komai, kuma waɗannan ma'ajiyoyi suna taɓa shi yana tsakiyar aiki har ya lalace. Masu manhajar da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Kuma daidaitawa da intanet ba madadin kwafin ajiya ba ce, tunda abin da ka goge a nan zai gogu a can. Sau ɗaya a mako, rufe Zotero, kwafi jakar gaba ɗayanta zuwa wani faifai na waje.

Akwai wasu ƙananan alherai. Tun 2019 tana amfani da bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalun da aka janye, ta sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye, har ta sake tunatar da kai idan za ka ambace ta. Tana iya nemo kwafin maƙala na kyauta da aka saki bisa ƙa'ida. Masu aikin rukuni suna iya buɗe ma'ajiya ta tarayya, amma su sani nauyin fayilolin a kan asusun wanda ya buɗe rukunin yake hawa.

Inda ta gaza ma a bayyane yake. Ba injin bincike ba ce, ba za ta nemo maka abin karantawa ba, ba kuma za ta gaya maka ko mujalla sahihiya ce ko ta 'yan neman kuɗi ba. Ba ta mayar da hoton shafi ya zama rubutu sai da ƙarin wata manhaja. Takardun gidan adana tarihi, da rubuce-rubucen hannu, da hirarraki, da shari'o'i duk suna buƙatar cikewa da hannu da haƙuri, kuma a APA hirar da ba a adana ta inda wani zai iya samu ba a cikin rubutu kawai ake ambatonta, ba ta shiga manazarta. Gyara salo don ya dace da na sashe aiki ne mai wuya ga wanda bai saba ba. Manhajar waya kuma ta karatu ce da tara madogara. Saka ambato a cikin kundi sai da kwamfuta.

Idan aka gwada ta da takwarorinta, EndNote na kamfanin Clarivate tana da ƙarfi amma saye ake yi, sai fa in jami'a ta biya wa ɗalibanta. Mendeley, wadda Elsevier ya saya a 2013, kyauta ce ita ma, kuma ta fi ba da wurin ajiya. Mun fifita Zotero saboda ƙarin burauzarta ya fi iya kwaso bayanai daga shafuka iri-iri, tana aiki ba tare da asusu ko intanet ba, kuma duk ranar da ka so barinta kana iya fitar da ma'ajiyarka a sigar RIS ko BibTeX, waɗanda sauran manhajojin manazarta ke karantawa, ka tafi da ita. Masu rubutu da manhajar tsara rubutu ta LaTeX za su so ƙarin Better BibTeX.

Idan ranar miƙa aiki ta zo, danna Refresh, sannan ka karanta jerin manazarta layi bayan layi, kana neman take mai manyan baƙaƙe zalla, da gurbin da babu shekara, da sunan da ya juye. Gyara su a ma'ajiya. Bayan haka yi wa fayil ɗin kwafi, a kan kwafin kaɗai za ka danna Unlink Citations, wanda ke mayar da duk ambato rubutu zalla ba tare da hanyar komawa ba. A wannan kwafin za ka yi gyare-gyaren hannu da sashe ya nema, shi kuma za ka miƙa. Na asali mai mahaɗai ka adana shi da suna daban, domin bayan kare kundi akan dawo da gyara, kuma a kansa za ka yi.